Na Je Indiya Don Rana Ta Daina Rawa

Tun da na dawo ban huta ba. A shagon Alhaji Sabo mai yadi ne a kasuwar Wuse, a ƙofar masallaci ne, ko a layin jiran bas ɗin ma'aikata, tambayar ɗaya ce: "Isiyaku, da gaske ne a can in mutum ya ga budurwa sai ya rungumi itace ya fara waƙa?" Na amsa har bakina ya gaji. To ga shi na zauna zan faɗa sau ɗaya daga farko har ƙarshe, wanda ya sake tambayata shi zai sayi shayi.

Amma ku sani, ni ba waƙa ta kai ni Indiya ba. Iya Legas ce ta kai ni.

Iya Legas sunan da muka laƙaba wa na'urar hangen rana ta ma'aikatarmu ne. Dogon bututun ƙarfe ce mai gilasai a kan ƙafa mai nauyi, da ɗan inji irin na agogo da ke juya ta a hankali tana bin rana daga gabas zuwa yamma. Ba a leƙa ta da ido, wanda ya gwada ya gama kallon duniya. A kan farar takarda take sauke hoton ranar, faɗinsa kamar faifai, a ga ɗigo-ɗigon baƙi da ke fuskarta, a ɗauka a fim, masana su duba su faɗi yaushe rediyo zai dagule. Ni nawa aikin wanke fim ne a ɗakin duhu. Ilimin na Oga Dakta ne, shugaban sashenmu.

Da gwamnati ta kwaso kayanta daga Legas zuwa Abuja, Oga Dakta ya zo ya duba gari. Ya ga duwatsu, ya ga tifofi, ya ga titi ɗoɗar ba kowa a kai, ya ce shi bai yi karatu don ya ƙare a daji ba. Ya ajiye aiki ya koma gidansa, ya bar ni da Iya Legas. Kafin a ɗora ta a mota kuwa, mai sito ya bi kowane noti nata ya shafa masa jan fenti, don umarni ya sauko cewa duk kayan gwamnati a kafa shi a Abuja daidai yadda yake a Legas, wanda ya taɓa kuma a bakin aikinsa. Muka bi umarni sau da ƙafa. Muka haye da ita saman benen ofishinmu a Garki, ko fenti ɗaya bai kankaru ba, har muna yi wa juna barka.

Sai rana ta ƙi zama. Ka saita ta tsakiyar takarda, ka juya ka sha ruwa, ka dawo ta zame gefe tana shirin ficewa. Ɗan zaman da za ta yi ma rawa take kamar mai masassara. Hotunan da nake wankewa duk kamar ƙwai aka fasa a kasko.

Darakta ya kira ni. Bakatsine ne, dogo, mai magana a hankali, irin wanda ko kora zai yi maka sai ya tambayi lafiyar gida tukuna.

"Malam Isiyaku, ni a ganina abin nan ya mutu a hanya," ya ce. "Ga takardar kwas ta zo daga Indiya, da Dakta ne zai je, tun da ba ya nan kai za ka. In ka dawo zan hau inspection da kaina. In ban ga hoton kirki ba, a rufe section ɗin, ka koma Legas. Ragowar ofishin can suna neman mai ɗaukar hoton fasfo."

"Ranka ya daɗe, Allah ya sa a dace," na ce.

Ku da kuka san ni kun san me Legas take nufi a wurina. Shekara da shekaru ina ɗaki ɗaya a Agege, iyalina suna Zariya gidan mahaifina, sai Sallah sai Sallah. Ƙaramar 'yarmu in na zo gudu take ta ce an yi baƙo. A Abuja aka ba ni ciki da falo a Nyanya, har da famfo a bakin ƙofa. Matata Maman Nafisa ta riga ta sayar da tumakinta, ta naɗe kwanukanta a tsofaffin zannuwa, ta sallami 'yan'uwa gida-gida. Kalma ɗaya take jira daga gare ni, in ce taho. Yanzu kalmar tana hannun wata rana mai rawa.

Duk da haka ba zan ɓoye ba, murna ta fi tsoron yawa. Ni Isiyaku, da iyakar tafiyata Legas, zan je Indiya! Kwana na yi ina dariya ni kaɗai. Alhaji Sabo ya ƙunso mini kilishi a takarda ya ce in ɓoye, don ya ji labari mutanen can ciyawa suke ci.

Jirgin daga Legas zai tashi, sai na bi motar ofis da za ta kwaso ragowar fayel. Direbanmu Ɗanjuma Bagwari ne na Paikon Kore, saboda haka muna wuce Gwagwalada ya karkata gida wai zai gaida tsohuwarsa. Tsohuwa ta ji inda za ni, ta shiga rumbu ta fito da doya guda wadda ta kai cinyata kauri, ta ce in kai wa sarkin garin. Na karɓa hannu biyu. A Lokoja muka ci ta da manja, Allah ya yafe mana.

Ɗanjuma yana tuƙi yana ba ni shawara. "Oga, na gaya maka, Iya ɗin nan ba shi da ciwo. Sabon wuri ne ba ya so. Same thing da Oga Dakta, jikinsa yana Abuja, hankalinta yana Legas."

Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce ya dubi hanya.

Jirgi ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba. Kunnena ya toshe, aka kawo abinci a ɗan faranti kamar na wasan yara, na ci na zauna jiran na gasken har muka sauka Bambai. A nan ne mai duba kaya, wani siriri mai gashin baki, ya buɗe jakata ya ci karo da fina-finan ranar da na taho da su don nuna wa malamai. Ya ɗaga ɗaya sama ya duba, ya ɗaga na biyu, fuskarsa ta canza. Ya ɗauka hoton asibiti ne, ya tambaye ni cikin tausayi wane ne ba shi da lafiya. Na ce rana ce. Ya kira abokin aikinsa, su biyu suka ƙura wa ɗigon baƙin ido suna girgiza kai, sannan ya dafa kafaɗata ya ce asibitocinsu na da kyau, kada in damu. Tausayin nan ne ya hana shi kaiwa ƙasan jaka inda kilishi yake kwance.

Girgiza kan nan kuwa sai da ya kusa haukata ni. Mu in mun girgiza kai a'a muke nufi. Su sai su langaɓar da shi dama da hagu suna murmushi, wai e ke nan. Na tambayi mai tikiti ko wannan ne jirgin ƙasan da zai kai ni garin da zan yi kwas, wani gari mai tafki, ya girgiza, na sauko da kayana. Na tambayi wani, ya girgiza, na ƙara gaba. Sai da jirgin ya fara motsi wani dattijo ya jawo ni ta ƙofa ni da jaka. Na ce a raina, ka ga ƙasar da aka aiko ni neman maganin rawa, kan kowa rawa yake yi.

A jirgin ƙasa na yi abin kunya mai daɗi. Kowace tasha masu shayi suna miƙo shi ta taga a wani ɗan kofin yumɓu, ja, mai kyau, kamar ƙaramin kasko. Na sha nawa na nemi mai shayi in mayar masa, jirgi ya tashi. Hankalina ya tashi, na gudu da kayan mutane. Sai na ga na kusa da ni ya shanye nasa ya wurga shi waje, tas! ya fashe. Na biyu ma haka. Ashe haka ake yi, sha ɗaya ne a yar. Ni dai hannuna ya kasa. A gidanmu ko sakaina ba a yarwa sai an juya ta an duba. Duk wanda na sha sai in goge shi da gefen riga in tura a jaka, mutanen taragon suna ta nuna ni suna dariya, har wata tsohuwa ta miƙo mini nata.

Masauki gidan wata gwauruwa ne a bakin tafki, mai saukar da ɗalibai. Ɗakin tsaf, gadon igiya irin namu na ƙauye. Abinci kuwa, jama'a, Alhaji Sabo bai yi ƙarya ba sosai. Safe miyar wake da gurasa 'yar siririya, rana shinkafa da miyar wake, dare gurasa da wata miyar waken mai wani launi. Yaji kuma ko Bayarabe sai ya nemi ruwa. Da kwaɗayi ya ci ƙarfina na kulle ƙofa na ɓare kilishi, ban kai ga yanka na biyu ba na ji ana buga ƙofa. Uwar gida ce, hanci a toshe da gefen mayafi. Ba ta yi faɗa ba, ta dai kunna turaren tsinke ta zagaye ɗakin da shi har ƙarƙashin gado, tana kallona kamar na binne wani a ciki. Daga ranar a bakin tafki nake cin kilishina, ina waige-waige kamar ɓarawo.

Shanu kuma su ne masu gari. Wata farar saniya ta kwanta tsakiyar titi, motoci suna kewaye ta cikin ladabi. Ni da na tashi cikin Fulani, ban san lokacin da na daka mata tsawa na ɗaga hannu ba. Titi ya yi tsit. Na mayar da hannun kan hulata na gyara ta, na kewaye kamar kowa.

Waƙa? Sau ɗaya na ji, ranar wani biki, ango a kan doki fuska a rufe da furanni, kuma ba shi yake yin waƙar ba. Itatuwa na duba su sosai saboda ku, ban ga kowa rungume da ko ɗaya ba.

Gidan kallon ranar yana kan wani ɗan tsibiri a tsakiyar tafkin, sai da kwalekwale. Ni kuwa duk zamana a Legas ban taɓa yarda na hau ruwa ba. Na shiga da bismilla, na ƙanƙame katako, duk addu'ar da na sani sai da na karanta, har da ta shiga kasuwa. Mai tuƙin ya tambaye ni ko lafiya, na ga dama ta samu, na girgiza masa kai irin nasu. Ya ji daɗi ya ƙara gudu.

Malamar da aka haɗa ni da ita sunanta Dakta Mira, 'yar ƙaramar dattijuwa mai furfura, tsawonta bai wuce kafaɗata ba. Kafin gaisuwa ta nuna takalmina. Na cire, na ɗauka wurin ibadarsu ne. Ta ce a'a, na'ura ce ba ta son a taka ƙasa da ƙarfi. Nan kowa sanɗa yake yi, babba da yaro, magana ƙasa-ƙasa kamar gidan da jariri ke barci. Ginin fari fat, har ido ba ya iya kallonsa.

Ta kai ni gaban takardarsu. Ga rana a tsaye cak, gefenta kamar an yanka da reza, kowane ɗigo da ɗan inuwarsa a kewaye, fuskarta duk ƙananan ƙwayoyi kamar an baza gero. Na jira ta zame, ba ta zame ba. Na jira ta yi rawa, ko gezau. Shekaruna nawa ina wanke hotonta, ashe ban taɓa ganinta ba. Hawaye ya zubo mini, na ce hasken ne.

A makonnin da na yi a can, Dakta Mira ta koya mini abin da ke sa hoto rawa. Ta ce in tuna yadda kwalta ke yi da tsakar rana, iska tana tashi a kanta tana walainiya. Hasken rana ta cikin wannan iskar yake ratsowa, in ta tafasa dole hoto ya yi rawa. Shi ya sa suka gudo tsakiyar ruwa inda ƙasa ba ta zafi, suka shafe gini da fari, suke yin aikinsu da sassafe. Ta tambayi inda muka kafa tamu. Na ce saman bene, kan baƙin daɓe, kusa da janareta, ga tifofi suna wucewa, ga masu fasa dutse da nakiya. Ta rufe ido kamar na faɗi mutuwa.

"Wannan rawar ke nan," ta ce. "Zamewar fa? Kullum gefe ɗaya take yi?"

Na ce kullum.

"A ina aka fara kafa ta?"

"Legas, ranki ya daɗe." Haka nake ce mata da Hausa, ta saba har tana amsawa.

"Yanzu tana ina?"

"Abuja."

Ta sa aka kawo taswira, ta aza yatsa a Legas, ta ja shi sama zuwa tsakiyar ƙasa, ta laluba ba ta ga sunan ba, don taswirar ta girmi garin. Na nuna mata wurin. Sai ta ɗauko lemo daga jakarta ta soke shi da fensir, ta ce ga duniya, ga sandar da take juyawa a kai. Na'ura ba za ta iya bin rana ba sai ƙafarta ta jingina daidai da wannan sandar. Kuma jinginar ta kowane gari daban ce, in ka matsa arewa sai ka ƙara ɗaga ta. Ta ce a ƙafar akwai babban noti na yin haka, wa ya juya shi da muka iso?

Na ce cikin alfahari, ba wanda ya taɓa shi. Har na ba ta labarin jan fenti, da yadda muka hau bene ko ɗaya bai kankaru ba.

Dattijuwar nan ta yi dariya har ta manta da dokar gidanta, ta buga ƙafa a ƙasa, rana ta yi tsalle a takarda. Ni ma na kama, don maganar Ɗanjuma ce ta faɗo mini. Mun kwaso Iya tun daga bakin teku, mun hau da ita bene, amma har yau sararin Legas take bi.

Da na gaya mata hukuncin wanda ya fasa fentin, da zancen Maman Nafisa da kwanukanta, sai ta daina dariya. Ta ce, "Rana ba ta san an shafa fenti ba, Isiyaku. Ko ka juya notin, ko ka koma Legas inda yake daidai." Ta koya mini yadda ake yi: a kafa sanda a bi inuwarta har ta kai ƙarshen gajarta don a sami arewa ta gaskiya, wanda na ce mata limamin unguwarmu ma haka yake gane zawali, sannan a juya notin kaɗan, a zuba wa rana ido a ga ina ta zame, a ƙara ko a rage. Ta sa na yi ta yi a wata tsohuwar na'urarsu har hannuna ya faɗa. Ranar sallama na ba ta ragowar dakuwar da na taho da ita, bayan na rantse mata ba nama a ciki.

Dawowa ba wani labari, illa kofunan yumɓuna da na naɗe cikin riguna, mai duba kaya a Legas ya tambaya ko tsafi na koyo.

Na sauka Abuja na tarar an ƙara tituna biyu da ban sani ba, har na ɓata a hanyar ofis. Washegari na nemi farar ƙasa buhu guda, ni da Ɗanjuma muka shafe saman benen nan tas, har masu wucewa suna tambaya ko Shugaban Ƙasa ne zai zo. Muka roƙi mai janareta ya ja shi can bayan gini, injin Iya kuma muka haɗa shi da batirin mota. Rawa ta ragu, musamman da safe kafin tifofi su farka. Saura zamewa.

Na tsaya gaban notin nan da sifana a hannu. Ja wur, kamar ido yana kallona. Na tuna mai sito, na tuna umarni, na tuna ɗakina na Agege da bokitin da nake tara wa yoyo. Tsoro nake ji ƙwarai, ba zan yi muku ƙarya ba. In na juya abin bai yi ba, ba Legas kaɗai ba, gida za a kora ni gaba ɗaya.

"Oga, ka juya shi mana," in ji Ɗanjuma. "Ni ban gani komai ba, ina kallon Dutsen Aso."

Na yi bismilla na danna. Fenti ya yi ƙas, ya zube kamar ɓawon gyaɗa. Ɗagawar da ake bukata ma ba ta taka kara ta karya ba, ɗan kaɗan ne. Na yi kwanaki ina ƙarawa ina ragewa, kullum zamewar tana raguwa, har wata safiya na saita rana na sauka na yi walaha, na sha koko wurin mai koko, na hau na same ta inda na bar ta. Na yi ihu, na tuna doka, na toshe bakina, na koma gefe na yi rawata a kan yatsun ƙafa.

Saura matsala ɗaya. Manyanmu ba sa fitowa da safe, in an ce ƙarfe tara sai a ga mutum bayan azahar, lokacin da iska ta tafasa. Sai na je na sami Darakta na gaishe shi, ya tambayi yadda na ga Indiya.

"Ranka ya daɗe, abu ɗaya ya ba ni mamaki. A can manya da hantsin fari suke zuwa kallon rana. Tsakar rana ta ƙananan ma'aikata ce da 'yan makaranta."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Haka suke yi?"

Na langaɓar da kai dama da hagu. Allah ya sani ban ce e ba, ban ce a'a ba.

Ranar inspection kuwa rana ba ta gama ɗagowa ba sai ga shi, da mai sito da wasu mutum uku a baya. Na tare su a bakin matakala na ce sai an cire takalma. Mai sito ya buɗe baki zai yi magana, Darakta ya riga shi sunkuyawa. Ku zo ku ga manyan gwamnati da babbar riga da safa suna sanɗa a kan farar ƙasa kamar masu kamun kaza.

Idon mai sito bai sauka ko'ina ba sai kan notin. "Sir! An taɓa! An fasa fentin, sir! Wannan government property ne!"

Darakta ya juyo. "Malam Isiyaku, kai ka yi?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Saitin Legas ne a jikinta, na mayar da ita na Abuja. In laifi ne na ɗauka, amma don Allah a duba takardar tukuna."

Ya taka a hankali ya tsaya gaban takardar, hannu a baya. Ga ta nan, zagayayya, tsaf, ɗigo uku a gefe guda kamar tsagar Fulani. Ya tsaya. Ya ci gaba da tsayuwa. Na gane jira yake ta zame, ni kuwa numfashi ma a rabi-rabi nake yin sa. Wata tifa ta wuce a ƙasa, gefen ya ɗan motsa, ya koma ya tsaya.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Ashe haka take." Sannan ya waiwayi mai sito. "Akwai sauran jan fentin?"

"Akwai, sir."

"To a shafa masa a inda yake yanzu. Wanda ya sake taɓawa, a bakin aikinsa." Ya nufi matakala a kan yatsun ƙafa, ya tsaya. "Ina iyalinka suke?"

"Zariya, ranka ya daɗe."

"Me suke yi a can har yanzu?"

Ban jira bas ba, a guje na tafi tashar mota na ba direban Zariya saƙo.

Ranar Asabar suka iso a bayan a-kori-kura, da katifa da turmi da kwanukan nan a naɗe. Da aka gama shigar da kaya Maman Nafisa ta ce ina tsarabar Indiya, don matan gidanmu sun ce lallai sari ne, zanen matan can, da awarwaro. Na kwance riguna na jera mata kofunan yumɓu a tabarma. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta dube ni.

"Malam, tun daga Indiya? Ai akwai masu ginin tukwane a bayan gidanmu."

Amma a ciki muka sha shayi da yamma, mu duka, a ɗaki ɗaya. Ƙaramar ma da take ce mini baƙo ta karɓa daga hannuna.

Da Litinin Maman Nafisa ta ce sai ta ga abin da ya kusa hana ta tarewa. Na kai ta da sassafe, ta cire takalmi ba tare da na ce ba, ta tsaya gaban takardar ta gyara mayafi. Ta kalla, ta kalla, ni ina gefe ina jiran yabo.

"Wannan ce ta yi ta yawo?" ta ce.

Na ce ita ce.

"Yanzu ba inda za ta?"

"Ba inda za ta, in Allah ya yarda."

Ta yi ajiyar zuciya, ta goge ido da bakin mayafi, ita ma ta ce hasken ne. Sannan ta juya ta nufi matakala.

"To mu je gida, Malam. Yau zan kwance kwanukana."